Takardar Senti 10 da Amurkawa Suka Riƙe Amana

Masaukina a New York wani Alhaji ne ɗan zangon Kumasi, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa tasi daga unguwar Bronx, har babu lungun birnin da bai sani ba. Da ya lura kantunan littattafai sun fi dogayen benaye ɗaukar hankalina, sai ya ce da ni, "Malam, tunda kai mutumin takarda ne, shirya in kai ka wajen wani dattijo da nake yawan ɗauka. Za ka ga yadda mutanen nan ke lallaɓa tsohuwar takarda." Na ce, "To Alhaji, Allah ya saka da alheri, mu je."

Kantin yana Manhattan, sai an sauka 'yan matakalai kafin a shiga. Sanyi da ƙanshin tsohuwar takarda ne suka fara tarbar mu. Babu tagar da rana za ta leƙo. Dogayen akwatunan kwali na jere a kan tebura, maƙare da littattafan labarin zane da suke kira kwamik, kowanne a tsaye cikin ledarsa, da farin kwali a bayansa don kada ya tanƙware. Dattijon ya ce shi sana'arsa tsofaffin littattafan ban tsoro ne, musamman na farkon shekarun 1950. Ya zaro ɗaya ya ɗora a tafin hannu, ya nuna mini kuɗin da aka buga a bangonsa: senti 10. Ya ce irin wannan, in ya tsira da lafiyarsa, yau sai a yi cinikinsa da dubban daloli.

Sunan da ke bakin kowa a wannan fage shi ne kamfanin EC Comics. William Gaines ya gaje shi a 1947, bayan mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgin ruwa. A 1950 shi da editansa Al Feldstein suka fito da mujallu uku da suka girgiza kasuwa: Tales from the Crypt, da The Vault of Horror, da The Haunt of Fear. Kowace fitowa na ɗauke da gajerun labarai huɗu, kuma kowace mujalla na da mai gabatarwa nata: mai gadin kushewa, mai gadin taska, da tsohuwar mayya. Su ke buɗe labari da zolaya, su rufe shi da dariyar mugunta.

Dattijon ya ba ni kujera da wasu kwafe da suka riga suka tsufa, ya ce in karanta yadda nake so. Na shiga da zaton zan tarar da jini da ƙasusuwa kawai. Akwai su kam, wasu shafukan ma ba zan miƙa wa yaro ba. Amma ƙarƙashin firgicin akwai wa'azi ɗaya da ake ta nanatawa: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Miji ya kashe mata don dukiya, ɗan kasuwa ya ha'inci talakawa, mai riƙon maraya ya ci amana, kowa sai sakayya ta cim masa daidai da irin laifinsa, ko da kuwa sai gawa ta taso daga kabari ta biya shi. Wanda ya fi taɓa ni wani labari ne na 1952 da Graham Ingels ya zana. Wani tsohon mai kwasar shara ne, mai son yara da dabbobi, maƙwabtansa attajirai suka ƙi jinin ganin gidansa kusa da nasu. Suka yi ta ƙulla masa sharri, suka raba shi da duk abin da yake so, har baƙin ciki ya sa ya halaka kansa. Da shekara ta zagayo, ya dawo karɓar hakkinsa. Kafin in kai ƙarshe, tausayin tsohon ya rinjayi tsoron da ake nufin in ji.

Masu sha'awar littattafan nan suna gane hannun mai zane tun kafin su duba sa hannunsa. Zanen Ingels yana ɗiga kamar kakin da ya narke, fuskokinsa duk a yamutse. Jack Davis yana da zafin hannu, mutanensa kullum cikin motsi, ga ban dariya a tsakiyar ban tsoro. Johnny Craig mai tsabtar layi ne, ya fi son tsoron da ke cikin zuciya. Launi kuwa yawanci aikin wata mace ne, Marie Severin. Kamfanin ya bar kowane mai zane ya sa sunansa ya kuma bi salonsa, abin da ba kowa ke yi ba a lokacin.

Washegari na taka da ƙafa zuwa lamba 225 a titin Lafayette, inda ofishin EC yake a da. Daga nan in ka miƙe kudu a kan titin, ba ka yi nisa ba za ka iso dandalin Foley, inda kotun tarayya take. A nan wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken lalacewar tarbiyyar yara ya zauna a watan Afrilu na 1954. Ƙura ta daɗe tana tashi kafin wannan zama. Tun 1948 aka yi ta tara littattafan zane ana cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton a jihar New York. Sannan wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent a 1954, yana ɗora wa kwamik laifin kangarewar yara. Gaines ya kai kansa gaban kwamitin. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wani bango mai hoton mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, ya tambaye shi ko wannan ya dace. Gaines ya amsa cewa ga mujallar ban tsoro ya dace. Jaridu suka ɗauka, magana ta ƙare masa.

Kafin shekarar ta fita, masu buga littattafan da kansu suka kafa hukumar tacewa, Comics Code Authority. Ta hana sa kalmomin firgici a sunan mujalla, ta hana zana masu shan jini, da masu cin gawa, da matattu masu yawo, da mutum mai rikiɗa kyarkeci. Dillalai suka daina karɓar abin da ba shi da tambarinta. Mujallun nan uku suka mutu, Gaines ya tsira da Mad kaɗai, wadda ya mayar da ita babbar mujalla a 1955. Sai a 1964 kamfanin Warren ya dawo da labarin ban tsoro a Creepy, cikin baƙi da fari da girman mujalla, inda hannun hukumar bai kai ba. An sassauta dokokin a 1971, aka yi watsi da su gaba ɗaya a 2011.

Wannan tarihi shi ya sa abin ya yi tsada. An buga su da yawa, amma a kan takardar jarida mafi araha, wadda zafi da haske da laima ke sa ta tsami ta koma ja, daga baya ta riƙa karyewa. Yara sun karanta sun naɗe a aljihu, iyaye sun zubar, wuta ta ci nata rabo. Abin da ya rage lafiya kaɗan ne, shi ya sa tantance darajarsa ya zama ilimi mai zaman kansa.

Da na koma kantin, na roƙi dattijon ya nuna mini yadda ake yi. Ya wanke hannu ya goge sarai, ya shimfiɗa littafi ƙarƙashin fitila, ya shiga dubawa kamar yadda gwanin kara ke duba haƙorin sa kafin ya taya. Bango ya fara kallo: launi ya koɗe ko ƙyallinsa na nan, kusurwa huɗu suna da tsini ko sun dakushe. Ya juya gefen da aka naɗe, yana ƙirga 'yan tsagin da yawan buɗewa ke bari. Ya duba fil biyun da suka ɗinke tsakiya, ko sun yi tsatsa, ko tsatsar ta ci takarda, ko kuwa an sauya su da sababbi. Ya ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, domin yaran da sukan yanke takardar talla su aika a kawo musu kayan wasa. Ya shinshina, don hanci na gano ruɓewar laima kafin ido. Launin shafuka ma yana da matakai, daga fari, zuwa ruwan madara, zuwa ruwan ƙasa, zuwa wanda ya bushe yana marmashewa. Daga ƙarshe ya kashe wuta ya kunna wata ƙaramar fitila mai shuɗin haske, wadda ke tona asirin duk inda aka shafa sabon launi ko gam, ya kuma sa abin awo ya ga ko an datse gefe don ya yi kyan gani.

A kan wannan littafin ya sami ɗigo biyu na baƙar tawada da wani ya cike wurin da ya goge. Ni da idona ban gan su ba. Nan take ya rubuta a takardar da ke manne da leda, ya rage kuɗin. Na ce masa ai babu wanda zai gane. Ya dube ni ya ce in ya ɓoye, gobe wa zai yarda da sauran kayansa? A nan ne na ji girman mutanen ya cika mini ido, domin bayyana aibin kaya ga mai saye abu ne da aka karantar da mu tun muna ƙanana, ga shi nan sun mayar da shi tsari a rubuce.

Tsarin ya samo tushe daga littafin farashi da Robert Overstreet ya fara fitarwa a 1970. A shekarar 2000 kamfanin CGC ya fara aiki, cibiyarsa na Sarasota a jihar Florida. Ana aika masa littafi, masanansa su duba, su ba da maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri da ake gani ta ciki. Shuɗiyar alama na nufin ba a taɓa shi ba. Alama mai launin shunayya na shelanta cewa an yi masa gyara, kuma kuɗinsa kan faɗi ƙasa da na wanda aka bari yadda yake. Asali ma yana ƙara daraja. Gaines ya kasance yana ware kwafe wajen 12 na kowace fitowa, ya naɗe ya ajiye, ba a buɗe su ba sai bayan sama da shekara 30, suka fito kamar jiya aka buga. Haka tarin Edgar Church, wani mai zanen talla a Denver, wanda aka sayar a 1977: wajen littafi 20,000 da busasshiyar iskar garin ta kiyaye. Littafin da ya fito daga irin waɗannan taskoki, ana rubuta hakan a alamarsa.

Abin da aka rufe a roba ba ya karantuwa, kuma masu harkar ma sun san da wannan. Shi ya sa ake sake buga tsofaffin labaran cikin manyan littattafai masu sauƙin kuɗi, dillalai kuma suna ware kwafen da suka ji jiki don masu son karatu. Mai neman jari da mai neman labari kowa na da nasa.

Daga New York na nufi Columbus a jihar Ohio, tafiyar yini guda a mota. A jami'ar jihar akwai ɗakin karatu da gidan tarihin zane mai suna Billy Ireland, wanda aka kafa a 1977 da takardun mai zane Milton Caniff. Ana shiga zauren nuni kyauta. Suna riƙe da zane na asali sama da 300,000, da yankakkun shafukan jarida wajen miliyan 2.5. Mafi yawan shafukan nan wahalar mutum ɗaya ce, Bill Blackbeard na San Francisco, wanda ya riƙa kwaso tsofaffin jaridun da ɗakunan karatu ke zubarwa bayan sun ɗauki hotonsu. Da tarin ya koma Ohio a 1998, nauyinsa tan 75 ne, manyan motoci shida suka ɗauko shi. A ɗakin nazari ka nemi abin da kake so a kawo maka, ka zauna da fensir, ma'aikata na yi maka hidima da fara'a, ba tare da sun raina abin da ka zo karantawa ba.

Amfanin irin wannan ajiya ya wuce sha'awa. Takardun Wertham kansa suna ɗakin karatu na Majalisar Amurka, an buɗe su ga masu bincike a 2010. Wata malamar jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta bi su dalla-dalla, ta nuna a 2012 cewa ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Takardun tarihi kuma su ne ke shaida cewa Wertham ɗin nan ya buɗe asibitin ƙwaƙwalwa a Harlem don baƙar fata a 1946, lokacin da ba kowa ke kula su ba. Da an ƙone komai, ko an bar gara ta cinye, da babu mai iya yi wa kowane ɓangare adalci.

Mu ma muna da namu adabin mai araha. Tun shekarun 1980 ake buga littattafan kasuwar Kano a kan irin wannan takarda marar ƙarko, an so su, an kushe su, an karanta har sun yage. Cikinsu akwai yadda muke magana, da abin da muke tsoro, da abin da matasanmu ke buri a wancan zamani. Damina da gara ba sa jiran mu gama gardama a kan ingancinsu. Abin da na gani a Amurka bai fi ƙarfinmu ba: ɗaki busasshe, kwali, rajista mai sunan marubuci da shekarar bugu, da mai tsaro mai gaskiya. Duk wanda ke da buhun irin waɗannan littattafai a ƙarƙashin gado, ya fito da su ya kakkaɓe, ya rubuta abin da ke ciki, ya nemi jami'a ko ɗakin karatu mafi kusa da za su karɓa.