Hadari ya same mu tsakanin Lome da Kotonu

Ni mutumin Waca ne. Ruwan da na sani tun ina yaro shi ne na tafki da na korama, inda muke dashen rake. In ka yi iyo kaɗan ka kai gaɓa. Yau zan ba ku labarin wani ruwa dabam, da yini guda da na yi a bisansa.

In an gama girbi nakan tafi cin rani, kamar samarinmu da yawa. Hanyar kun san ta: Damagaram, Maradi, Konni, Doso, Gaya. A ƙetare gadar kogin Kwara a shiga Malanbil, ƙasar Benin, a bi ta Paraku har Kotonu. Tafiyar da nake ba ku labari ta riga rufe gadar da aka yi a 2023. Kotonu bakin teku take. A 1965 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwanta, kuma shekara da shekaru ta nan kayan Nijar da yawa suka riƙa shigowa. Akwai unguwar Zango a garin, inda za ka ji Hausa kamar kana kasuwar Magarya.

Aikin gadi na samu a gidan wani attajiri. Da bazara ta kama, sai maigidan ya sayi jirgin ruwa mai inji a Lome, babban birnin Togo. Ba na kamun kifi ba ne, ba na ɗaukar kaya ba. Na yawon shan iska ne. Tsawonsa kamar taki 15. Akwai ɗaki a ciki, da gado, da madafa, da inji biyu masu shan gazuwal. Ni dai na duba na ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Maigida ya ɗauki kaftin da makanike su kawo jirgin Kotonu. Ya ce in bi su, in zama idonsa. Ya yi alkawarin kuɗin mota har gida da ɗan guzuri. Damina ta kusa, gonata tana jira ba a yi shara ba. Na ce to.

Kaftin dattijo ne, mutumin bakin teku, ya iya Hausa kaɗan. Da ya duba jirgin sai ransa ya ɓaci. Jirgin ya daɗe a ajiye. Ya ce tankin mai yana da datti a ƙasa, sai an kwashe an wanke, aikin kwana uku. Maigida ya ce ta waya a'a, yana da baƙi ranar Asabar, dole jirgi ya iso. Kaftin bai yi gardama ba. Ya shiga gari ya sayo matatar mai guda 6, wadda makanikai ke kira filta. Ya cika jarkoki da ruwan sha, don ruwan teku ba ya shayuwa: kowace lita tana da gishiri giram 35. Ya ba kowa rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa. Ya ɗaure mini tawa da hannunsa, ya ce: "Malam, ko salla za ka yi, kada ka cire."

Mun fito daga tashar Lome bayan asuba. Daga nan zuwa Kotonu wajen kilomita 130 ne ta ruwa. Kaftin ya ce in Allah ya yarda awa 9 ta isa. Muka fuskanci gabas, ƙasa tana hagunmu.

Jama'a, teku ba ya kwanciya ko babu iska. Raƙuman ruwa suna zuwa daga kudu maso yamma, ɗaya bayan ɗaya, kamar tuddan rairayi masu tafiya. Su ɗaga jirgi a hankali, su sauke shi. Kafin hantsi jiri ya kama ni, na mayar da kokon da na sha. Makanike ya ce in daina duban ƙafafuna, in dubi nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Na yi haka, na ji sauƙi.

Muka wuce Kpeme, inda wata doguwar gada ta shiga cikin teku. A nan ake loda wa manyan jirage ƙasar fosfat, wadda ake yin takin zamani da ita. Muka wuce Aneho, muka shiga ruwan Benin, daidai Garan-Popo. Gaɓar duk iri ɗaya ce: farin rairayi, itatuwan kwakwa, da farin kumfa a bakin ruwa kamar an shanya kaɗa. Masunta suna nan cikin kwale-kwalensu. Aikina in zauna gaba in duba taru, don in igiyar taru ta naɗe farfelar jirgi, tafiya ta tsaya.

Bayan azahar iska ta ɗauke. Zafi ya yi nauyi. Na ɗaga kai na dubi gabas, gabana ya faɗi. Wannan abu na san shi, ba sai an gaya mini ba. Baƙin hadari ne ya taso, ya yi gindi, ya tokare sama kamar ganuwa. Irin wanda muke gani a Waca in damina za ta faɗi, mata su kwashe shanya, yara su koro awaki. A can ma daga gabas yake tasowa. Bambancin kawai, babu jar ƙura a gabansa. A gida in na gan shi murna nake yi. A nan babu bukka, babu gindin itace.

Na ce: "Maigida, hadari!" Kaftin ya ce ya gani tun ɗazu. Ya sa muka rufe tagogi, muka ɗaure duk abin da ke motsi. Sai na ga ya karkata jirgi dama, yana nisa da ƙasa. Na ce ko ya ruɗe ne. Na kama hannunsa na ce: "Don Allah Baba, ga ƙasa can muna gani. Mu je mu sauka, hadari ya wuce."

Ya nuna mini farin kumfan nan na bakin gaɓa. Ya ce: "Ka ga wancan? Shi ke kashe jirgi." Daga baya ya yi mini bayani, ni ma bari in yi muku. Inda ruwa ke da zurfi, raƙumin ruwa ɗaga jirgi kawai yake yi ya wuce ta ƙarƙashinsa. In ya iso inda ba zurfi, gindinsa sai ya ja ƙasa, kansa ya miƙe, ya karye ya faɗo da ƙarfi. Jirgin da ya shiga wurin, ruwa zai juya shi a kaikaice, ya kifar da shi, ya farfasa shi bisa rairayi. Masuntan wurin sukan ratsa shi da kwale-kwale, amma su cikinsa aka haife su, kuma su ma yakan kifar da su. Tsakanin Lome da Kotonu babu wata tasha mai katanga da jirgi irin namu zai fake. Saboda haka kaftin fili yake nema, ko inji ya mutu mu sami lokacin gyara kafin ruwa ya kai mu gaɓa.

Iska ce ta fara isowa, mai sanyi. Teku ya yi fari fat. Sannan ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gaɓa ta ɓace. Ko gaban jirgi ba na gani sosai. Kaftin ya rage gudu, ya sa hancin jirgi cikin iska. Yanzu ruwa biyu ke faɗa da juna: tsofaffin raƙuma daga kudu maso yamma, sababbi daga gabas. Jirgi ya hau, ya faɗo, ya karkata, kamar ɗan maraƙin da aka fara sa wa igiya. Tukwane suka zube a madafa. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu, ina karanta duk abin da na iya.

Ana cikin haka inji ɗaya ya yi tari ya mutu.

Abin da kaftin ya faɗa a Lome ne ya faru. Kun san randar da ta daɗe ba a wanke ba. Ruwan sama garai-garai, laka tana ƙasa. In ka girgiza randar, duk ruwan ya gurɓace. Haka tankinmu ya yi. Girgizar teku ta tayar da datti, datti ya toshe matata, mai ya daina isa ga inji. Wanda ke da injin niƙa ko injin ban ruwa ya san wannan ciwo.

Makanike ya ɗaga murfi ya shiga ramin inji. Ya ce in riƙe masa tocila. Wurin zafi, ga warin gazuwal, ga jirgi yana wurgi da mu. Ya kwance matatar, baƙa ƙirin kamar an tsoma ta a kwata. Ya sa sabuwa. Ya sassauta wani ƙusa ya yi ta famfo da yatsa har iskar da ta shiga bututu ta fita, don injin gazuwal ba ya tashi in akwai iska a hanyar mai. Inji ya tashi. Ba mu gama hamdala ba na biyun ya mutu. Muka koma kansa. Ina riƙe da tocila ina amai, ban saki ba. Da su biyun sun mutu tare, da jirgi ya ba iska haƙarƙari, kuma ban san ko da ni ne ke ba ku labarin nan ba. Kafin a gama mun canza matata 4.

Iskar ba ta kai awa guda ba ta faɗi. Ruwan sama ya ci gaba yaf-yaf. Da gari ya washe, kaftin ya nuna mini wani wuri can nesa ya ce Wida ke nan. Na yi la'asar a zaune, riga a jikina kamar yadda ya ce. Bai ƙara gudu ba, don matata 2 suka rage.

Dare ya yi kafin mu iso. Na hangi fitilu bisa ruwa na ce ga Kotonu. Makanike ya yi dariya. Manyan jirage ne ke tsaye suna jiran layin shiga tasha. Kaftin ya yi magana da masu tasha ta rediyo. Muka bi tsakanin fitila ja da fitila tsanwa, muka shiga bayan katangar duwatsu. Nan take ruwa ya kwanta kamar tafki. Awa 9 da aka ce ta zama 14. Da na taka ƙasa, ita ma sai na ji tana rawa, har na dafa bango.

Da safe maigida ya zo. Abin da ya fara tambaya, me ya fasa masa kwanoni. Kaftin bai ce komai ba. Ya ɗauko matatun nan 4 a cikin bokiti ya ajiye a gabansa. Maigida ya duba, ya yi shiru. A makon nan aka wanke tanki. Ni kuma ya cika mini alkawari, ban rage masa wannan ba.

Na iso Waca kwana 9 kafin ruwan shuka. Na zo da ruwan teku a ƴar kwalba, don na san za a ce ƙarya nake. Inna ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce: "Kai, ɗan nan! Wannan ai ya fi manda. A bisansa ka yini?" Na ce i, Inna. Ta miƙo mini fura, ta ce gobe in duba shingen gona, awaki sun fasa shi ta yamma.