Kilishin Gida a Darna Sabon Gari

Ranar Asabar motar Illela ba ta daɗewa a tasha, domin washegari ce kasuwa, kuma dillalan dabbobi da 'yan tireda sun fi son su kwana can. Mun bar Sakkwato da hantsi, muka haye gulbin Rima, muka miƙi hanyar arewa. Abin da ya tashe ni saƙon kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana fawa kafin ciwon ƙafa ya raba shi da zaman rumfa. Ya aiko cewa hunturu ya kankama, idan da gaske nake ina son ganin yadda ake kilishi tun daga ɗanyen nama, to in zo yanzu, kuma kada in bari dare ya yi mini a hanya.

Bayan Kware sai fadamu kore shar da albasa, sai Gwadabawa, garin da Marafa Muhammadu Maiturare ya riƙe kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar ta ɗara kilomita 80 da kaɗan, amma shingayen bincike suna ƙara mata tsawo. Hirar cikin mota duk ta boda ce. Wanda ke kusa da ni ya tuna rufewar watan Agustan 2019, wadda ba a buɗe ba sai Disambar 2020, da kuma ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wadda Najeriya ta ɗage a Maris ɗin 2024. Ga mutumin Illela wannan ba labarin rediyo ba ne. Birnin Ƙonni na nan kusa, can surukansa suke, daga can shanu ke shigowa, kuma duk ranar da aka datse hanya, farashin nama a rumfar mahauci ne ke fara nunawa.

Daga Illela na hau kabu-kabu zuwa Darna Sabon Gari, garin kawu, na iso ana shirin la'asar. Inna, matar kawu, ta tarbe ni da fura, aka yi gaishe-gaishe har aka tambayi kowa na gida da sunansa.

Da sassafe ranar Lahadi muka koma Illela ni da kawu. Kara ta cika: gudale masu tozo, jajayen rahaji masu dogayen ƙaho, raƙuma a gefe guda, tumaki uda da balami, ga jar akuyar da fatarta ta kai sunan Sakkwato da Maraɗi ƙasashen duniya. Ana ciniki da naira, ana yi da sefa. Mu dai wurin mahauta muka nufa, inda kowa ya san kawu. Na nuna wani yanki mai kitse wanda ya ba ni sha'awa, sai ya girgiza kai.

"Wanga na tsire na, ɗana. Kilishi ba shi son kitse."

Ya zaɓi tsokar cinyar sa, ja wur, wadda aka yanka da asubar nan, ya danna ta da yatsa, ya juya ta yana neman jijiya. A hanyar komawa ya yi mini bayani: kitse ba ya bushewa, kwana kaɗan zai fara wari ya ɓata sauran, jijiya kuma tana taurare har haƙori ya gaza.

A tsakar gida ya zauna kan tabarma, ya ɗora katako a gabansa, ya wasa wuƙa har sai da ta aske gashin hannunsa. A nan ne na ga abin da ya kawo ni. Ba yanka naman yake gunduwa-gunduwa ba. Yana riƙe tsokar da hagu, yana shigar da wuƙar a kwance, yana juya naman a hankali, tsokar tana warwaruwa kamar rawani, har dunƙulen da bai wuce damtse biyu ba ya zama shimfiɗa guda mai faɗi wadda ake hango hasken rana ta cikinta. Ba ya kallon wuƙar sosai. Yatsunsa ne ke jin kaurin. Inda ya yi kauri ba zai bushe daidai da sauran ba, ciki ya zauna da danshi, daga nan ruɓa ke farawa. Inda ya yi siriri fiye da kima kuma, ya yage tun kafin a kai shi wuta. Na daɗe ina cin kilishi ina yaba yaji, alhali rabin aikin yana bakin wuƙar nan. Na tambaye shi shekara nawa yaro ke yi kafin a sakar masa cinya guda.

"Sai ranar da ya bar huda nama," in ji shi.

An shimfiɗa naman a kan gadon kara da aka ɗaga sama da ƙasa saboda ƙura da kaji, aka rufa masa tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda. Wannan dabarar Inna ce, kuma na so a ce duk mai kilishin kasuwa yana yin ta. Iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe ruwa da sauri, shi ya sa kawu ya ce in zo a wannan lokaci. Da damina sai naman ya yini yana laushi, ƙuda kuma ya samu abin da yake nema. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar nama ruwa ne. Wanda ya ga yadda shimfiɗar nan ta ƙanƙance ta yi duhu kafin magariba, ba zai ƙara yi wa mai kilishin kirki ƙorafin tsada ba.

Washegari aiki ya koma hannun Inna. Ta kawo tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, wadda ba a riga an soya ta ta zama ƙuli-ƙuli ba. A turmi ta daka citta, kanumfari, masoro, kimba, busasshen barkono da tafarnuwa, ta jajjaga albasa daban. Albasar irin ta Galmi ce, garin da ke gabas da Ƙonni, wadda ake yi wa kallon sarauniyar albasa a yankin nan. Ta dama tunkuzar da ruwa a babbar ƙwarya, ta zuba kayan yajin da gishiri, har kwaɓin ya yi kaurin kunu.

Sai maganar zaƙi, inda na ga miji da mata sun rabu. Kawu yana ganin zaƙin albasa da na gyaɗa ya isa. Inna ta ce barkono ba ya zama lafiya a baki sai an ba shi abokin tafiya. Ta cire ƙwallon dabino, ta jiƙa shi, ta dake shi lukui, ta ƙara ɗan gutsuren mazarƙwaila.

"Malam, bari in sa, in bai yi ba laifina na," ta ce masa.

"Awo, sa. Amma kada shi koma alewa."

Ni a ganina Inna ta fi gaskiya, amma iyakar da kawu ya gindaya ita ce ta tsare abin. Zaƙin kilishi bai kamata ya tarbi harshe ba. Gishiri da ƙamshin gyaɗa ne ke fara zuwa, yaji ya biyo, sannan can a ƙarshe zaƙin ya kwantar da zafin. Haɗa zaƙi da yaji a kan siririn nama ba mu kaɗai muka san shi ba. A Amurka suna barbaɗa jan sukari da barkono a kan yankakken naman alade su gasa har sukarin ya narke ya daskare. Wannan nama haramun ne a gare mu, kuma ko a dabara ma akwai bambanci: nasu kitse ne da sukari, abin ci ne na nan take, namu kuwa tsoka ce da rana ta busar, guzurin fatake da mahajjata wanda ke yin watanni bai lalace ba.

An tsoma busassun shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya a cikin kwaɓin, aka bar su suka sha har suka yi laushi, aka mayar da su kan gado suka sake shan rana. Da yamma kawu ya hura itace, ya jira harshen wutar ya mutu sai garwashi, ya ɗora raga. Kowace shimfiɗa ba ta daɗe a kai ba. Yana juya ta da hannu, yana ɗan shafa mata man gyaɗa, da gefenta ya fara naɗewa sai ya sauke. Abin da ke da zaƙi saurin ƙonewa gare shi, in aka yi sakaci kaɗan sai ɗaci ya maye gurbin daɗin. Ƙamshin ya tara yaran maƙwabta a bakin zaure, Inna ta gutsura wa kowa.

Na ci nawa da ɗumi. Yana karyewa a hannu ba tare da ya zama gari ba, kuma idan ka tauna, nama kake ji. Wannan shi ne abin da ya fara ɓacewa a kilishin da ake tallarsa a tashoshin mota: a lafta tunkuza har ta fi naman kauri don nauyi ya ƙaru, a zuba farin sukari da sinadarin ɗanɗano, a rina shi ja don ya ja ido. Ba kowane mai sana'a ke haka ba, kuma na san tsadar shanu ce ke tura wasu. Duk da haka abin yana yi mini ciwo, domin yaron da ya tashi da wancan zai ɗauka shi ne kilishi.

A tsallaken iyaka sun riƙe abin da muhimmanci. Kilishin Madawa ya yi suna a duk Nijar, suna bambanta ja da fari da rumuzu, wanda ba a tsoma shi cikin tunkuza, kuma ƙasar ta yi wa kilishinta rajista a hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, kamar yadda ta yi wa albasar Galmi. Shanun iri ɗaya ne, rana ɗaya ce, hannuwan ma dangin juna ne. Babu abin da zai hana mahautan Illela da Sarkin Fawansu su tsayar da ƙa'idar abin da za a kira kilishi a kasuwarsu.

Na dawo Sakkwato da ƙunshi biyu a cikin takarda, ɗaya na mahaifiyata. Ga mai son gwadawa a gida, musamman da naman layya: ka nemi tsokar cinya marar kitse, ka roƙi mahauci ya shimfiɗa maka ita idan hannunka bai saba ba, ka rufe ta daga ƙuda, ka sa dabinon kaɗan, kuma kada ka kai ta wuta sai ta bushe sarai.