Maraƙin gida da bijimin kasuwa: abin da na gani a Houston

A watan Yunin 2025, daidai lokacin da ake ta huɗar masara a Maska, ni ina birnin Houston na jihar Texas a Amurka, wurin ɗan ƙanwata da ke aiki a can. Wata ranar hutunsa ya ce, "Kawu, shirya, yau zan kai ka kallon ƙwallon mutanen nan." Filin yana tsakiyar gari, Daikin Park sunansa, yana cin mutum sama da dubu 40, kuma saboda zafin garin an yi masa rufi mai buɗewa da rufewa. Wasan besbol suke ce masa: ɗaya ya wurgo ƙwallo kamar girman lemo, ɗaya ya make ta da kulki ya sheƙa da gudu.

Kusa da mu akwai wani dattijo sanye da riga mai sunan Bregman a baya. Na ce a nuna mini mai sunan a cikin fili. Yaron ya ce, "Ai ba ya nan, Kawu. A nan aka rene shi, amma tun Fabrairu ya koma Boston, dala miliyan 120 na shekara uku." Daga nan hirarmu ta bar fili ta koma kan yadda ake tara 'yan wasa, kuma a mota ma ita muka yi ta yi har gida.

Ƙofa biyu ce manya. Ta farko zaɓen matasa, wanda aka fara a 1965. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 suna zaɓar yaran sakandare da na jami'a bi da bi, zagaye 20, galibi waɗanda suka fi shan kashi bara su ne a gaban layi. Yaron da aka zaɓa sai a tura shi ƙananan ƙungiyoyi ya yi shekaru yana koyo, kuma su da bakinsu gona suke kiran waɗannan ƙananan ƙungiyoyi. In ya hau babbar ƙungiya, shekara shida yana hannunta, ukun farko a kan albashi kusa da mafi ƙanƙanta, wanda a 2025 dala dubu 760 ne. Ƙofa ta biyu ita ce ta wanda ya cika shidan nan, kwantiraginsa ya ƙare, ya zama mai 'yancin kansa, kowa ya taya.

Ina jin haka na tuna mahaifinmu da shanun huɗa. Da kaka yake sayen maruƙa biyu a kara, ya ɗaure a turke, a yi ta ba su dusa da harawa, mu yara mu sha wahalar saba musu da karkiya kafin su iya jan garma su miƙe kunya. Maƙwabcinmu kuwa sai ruwa ya sauka yake zuwa ya sayo horarrun bijimai, lokacin da kuɗinsu ya kai maƙura. Baba kan ce a buɗe bakin bijimin a duba haƙora, don mai shi ba ya rabuwa da shi sai ya ci moriyar ƙarfinsa.

Ƙungiyar Houston, Astros, hanyar Baba ta bi, amma da tsananin da manomi ba zai iya ba. Wasa 162 ake yi a kaka ɗaya. A 2011 an cinye su 106, a 2012 an cinye su 107, a 2013 kuma 111. Sun sallami manyan 'yan wasansu, suka zauna a ƙarshen tebur, suna kwasar zaɓin farko. A 2012 suka ɗauki Carlos Correa, ɗan Puerto Rico mai shekara 17. George Springer sun riga sun same shi a 2011, Alex Bregman ya zo a 2015. Ga kuma Jose Altuve, gajeren mutumin nan na Venezuela da na gani da idona ana yi masa tafi, wanda suka ɗauka a 2007 a kan dala dubu 15 kacal.

Sai dai ba kowane maraƙi ke zama bijimi ba. A 2013 zaɓin farko a duk ƙasar nasu ne, suka ɗauki wani mai jifa, Mark Appel, suka ba shi sama da dala miliyan 6, har suka rabu bai buga wa babbar ƙungiyarsu wasa ko ɗaya ba. Na 2014, Brady Aiken, ko hannu bai sa ba. Zaɓin farko uku a jere, Correa kaɗai ya yi kyau. Da yaran suka nuna ma sai da aka nemo gogagge daga waje, Justin Verlander, aka yi musayarsa daga Detroit a ƙarshen Agustan 2017, sannan suka ɗauki kofin World Series a shekarar. Kofin nan yana da tabo, don an kama su suna satar alamun abokan karawa da kyamara. A Janairun 2020 aka ci su tarar dala miliyan 5, aka kuma ƙwace musu zaɓin zagaye na ɗaya da na biyu na shekara biyu. Ka ga an san inda zai yi musu ciwo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru ne a 2022. Correa ya cika shidansa ya tafi Minnesota. Maimakon su ruga kasuwa, sai suka ɗora Jeremy Peña, yaron da suka zaɓa a zagaye na uku a 2018. A shekarar suka sake cin kofi, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasan ƙarshe. Bayan 'yan makonni suka shiga kasuwa suka sayo Jose Abreu, mai shekara 35, a kan dala miliyan 58.5 na shekara uku. Kafin tsakiyar 2024 sun sallame shi, suka ci gaba da biyan ragowar kuɗin. A ganina nan maganar take: kuɗin da ake zuba wa gwanin kasuwa na aikin da ya riga ya yi wa wani ne, shekarun tsufansa kuma mai saye ke ɗauka.

Ɗan ƙanwata bai yarda da ni gaba ɗaya ba. Ya ce in dubi Dodgers ta Los Angeles, da ta ba Shohei Ohtani na Japan dala miliyan 700 a Disambar 2023, ta kuma ci kofi a 2024. Gaskiyarsa. Mai rumbu cike in ya sayi bijimi ya mutu gobe zai sake sayo wani, talaka kuwa damina ta wuce shi. Shi ma haƙurin shan kashi da gangan an rage masa riba, don tun zaɓen 2023 ƙuri'a ake jefawa a kan gurabe shida na farko.

A nan dole in ajiye misalin shanu, don ɗan wasa ɗan Adam ne. Arahar yaron gida ta samu ne saboda a shekarun ƙarfinsa ba a biyansa daidai guminsa, kuma ba shi ya zaɓi garin da aka kai shi ba. Kafin 1975 ma babu ranar fita. Wani baƙar fata, Curt Flood, shi ya ƙi yarda a yi musayarsa daga St. Louis zuwa Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya faɗi a 1972, sana'arsa ta tafi a kan haka. Saboda haka ban ga laifin Bregman ba, duk da tausayin dattijon nan da ya kama ni.

Da dare ƙanena ya bugo waya daga Maska. Ɗaya daga cikin bijimanmu ya fara gazawa, ga huɗa ba a gama ba, ga fargabar ɓarayin shanu da ta sa mutane da yawa a yankinmu suka sayar da nasu. Ya ce, "Yaya, a sayo wani ko a yi haya?" Na ce ya yi haya a ƙarasa ta bana, in Allah ya kai mu kaka mu je kara tare mu duba maruƙa.