Kafin ka sa hannu ga takardar sallama

Ɗan'uwa ma'aikaci, ranar da mai gidan aiki ya sallame ka, zai ajiye maka takarda da faransanci, ga kuɗɗi a gefe. Sai ya ce: sa hannu mu rabu lafiya. Na san abin da zuciyarka za ta ce: lauya sai mai hali. Ba ka yi ƙarya ba. Yawancin lauyoyi suna Yamai, daga Tawa ko Damagaram kuɗin mota kaɗai ya isa magana, kuma ladan lauya sai yadda kuka shirya da shi.

A Ingila, dokar 1996 ta ce irin wannan takarda ba ta ɗaure ma'aikaci sai wani masani da ba ya ƙarƙashin mai gida ya fayyace masa ita. Galibi mai gidan ke biyan ladan. Ni dai wannan tsari ya kwanta mini.

Mu nan hanyarmu daban take. Dokar aiki ta 2012 ta ba ka damar kai kuka wurin sufeton aiki, ya kira ku sulhu, ba ka biyan ko dala. In sulhu ya ƙi, ƙara a kotun aiki kyauta ce. Tun 2011 kuma an kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa hali wajen shari'a.

To, karɓi takardar, ka ce sai gobe. Nemi ɗan sandika ya karanta maka, ku lissafa kuɗin wa'adi, da na hutun da ba ka ci ba, da na sallama. Kada ka manta da takardar shaidar aiki.