Farfesun Kazar Da Ba Na Ci Ba

Kwanakin baya wani saƙo ya yi ta yawo a wayoyin unguwar nan, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, wai kada kowa ya kuskura ya rubuta "chicken soup" a wurin bincike na Facebook. Ba a faɗi dalili ba. To kun san halin ɗan Adam da abin da aka ce kar ya taɓa. Yara suka gwada, manya ma suka gwada a ɓoye. Maimakon hoton romo da kaza, sai gargaɗi ya fito cewa lalata da ƙananan yara laifi ne, ga kuma inda ake neman taimako ko kai rahoto. Hankula suka tashi. Wasu suka ce tarkon hukuma ne, wasu suka ce shi ke nan za a rufe musu shafi. Har an tare mu bayan Magariba ana tambaya ko wanda ya rubuta ya yi zunubi.

Maganar ba ta aljanu ba ce. Da harshen Sifaniyanci, wanda ake yi a Meziko da maƙwabtanta, farfesun kaza sunansa "caldo de pollo". Haruffan farko, C da P, sun zo daidai da yadda ake taƙaita sunan hotunan batsa na yara da Turanci. Sai miyagun da ke fataucin wannan ƙazanta, wa'iyazubillahi, suka fake da sunan abinci don su gane juna ba tare da an kama su ba. Da kamfanin ya farga, ya sa gargaɗi a kan kalmar, har abin ya shafi fassararta ta Turanci. Iyakar sirrin ke nan.

Mu Hausawa ba baƙin wannan dabara ba ne. Da zaurance muka tashi, 'yan mata na juya magana a gaban iyaye ba a gane ba. A kasuwa ma dillali da ɗan'uwansa sukan gama ciniki da ƙiftawa da bisimilla, mai saye na tsaye yana kallo. Amma wancan zaurancen, duk wanda ya girma a gari ya taɓa yin sa, don haka uwa na jin 'yarta sarai, kawaici kawai take yi. Wannan kuwa ba mu taɓa yi ba.

Nan ne abin ya fi damun mu, mu mazauna Kudu. Yaranmu sun riga sun fi mu harshe. Suna jin Hausa, suna jin Yarabanci kamar 'yan gari, ga Turancin buroka, ga na makaranta. Mu da yawanmu Yarabancin namu na ciniki ne, nawa ne, rage mini, Allah Ya ba da kasuwa. Yanzu ga wani harshe ya ƙaru a cikin waya, inda sunan miya ko wani ɗan hoto ke nufin abin da baki ba ya iya faɗa. Mun fita tun Asuba, ba mu dawowa sai bayan Isha, wayar da muka bari a ɗaki don a riƙa jin lafiyarmu ita ce ke hannun ɗan shekara 10. Ko mun karɓa mun duba, me za mu gani? Farfesu.

Ƙwace waya da bulala, a ganinmu, ba ya magani. Yaro zai ari ta abokinsa a bayan masallaci ne kawai. Mun fi ganin amfanin a zaunar da shi a tambaye shi cikin raha me kaza ke nufi a wurinsu, kuma wa ke tura masa saƙo. Yaron da ba a tsorata ba yakan faɗi abin da zai ba ka mamaki.

Su kuma masu tambayar zunubi, wanda ya rubuta kalma bai san ma'anarta ba, babu komai a kansa, sai dai kar ya koma, kar kuma ya tura wa wani ya gwada. Wanda kuwa irin wannan hoton ya faɗo wayarsa, kada ya yaɗa shi ko da sunan faɗakarwa ne. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ajiye shi, balle rarrabawa. Ya danna wurin kai ƙara a manhajar. In kuma yaron da ke ciki sananne ne a unguwa, a sanar da Sarkin Hausawa, a je wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, ba a ce a rufa asiri a sasanta a zaure ba.