Randar da Muka Tura Bayan Ɗaki

A gidajen Jiratawa da yawa da nake shiga, randa ta bar zaure da tsakar gida, ta koma lungu. Jarkar roba ce a gaba, wai ita ce ta zamani. Amma duk wanda ya sha ruwan jarka da azahar a watan Afrilu ya san wadda ta fi.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu. Tambayi ɗan makaranta dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, sai ya tsaya kallonka. Alhali darasin na nan a gindinta: yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta ciki, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Da wannan dabarar ce wani malamin makaranta a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cusa jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, tumatir da alayyafo suka riƙa yin kwanaki ba su ruɓe ba. Ya samu kyautar Rolex a 2000.

A Japan ma manoma sun yi irin waɗannan randuna, a Bizen da Shigaraki, don ajiye iri da hatsi da ruwa. Ba su shafa masu komai ba. Tokar itacen da ake gashi da shi ce ke sauka a kafaɗar randar ta narke, wani gefe ya yi ja, wani ya yi baƙi. A ƙarni na 16 masanan shayi na ƙasar suka ga kyau a wannan tabon, suka shigar da kayan manoma ɗakunan manya. A 2017 gwamnatinsu ta sa tsoffin garuruwan ginin tukwane shida cikin kayan gadon ƙasa.

Mu kuwa, in randa ta fito da baƙin tabon wuta, ragi muke nema a kasuwar Maradi. Ni dai ita nake zaɓa, in ƙwanƙwasa ta da yatsa in ji amonta.

Malam, aji ɗaya ka ɗauka, ka kai su wurin maginan tukwane ranar gashi. Su taɓa yumɓun fadamar Gulbin Maradi, su tambayi tsohuwa ko tsohon da ke gini yadda ake gane randar da za ta fashe a wuta.