Ɗan zoben da ke riƙe da wuƙar mai nutso

Yau ba a bakin makirufo muke ba, rubutu muka kawo muku.

A damanar da ta wuce aiki ya kai mu bakin kogin Isa a Yamai, ƙasa da gadar Kennedy, inda ake neman wani yaro da ruwa ya ci. Lokacin jan ruwa ne, kogi ya kwaso laka ya yi jawur. Mai nutson da aka kira ya fito ya zauna yana hutawa, tukunyar iskarsa a gefe. Idonmu ya faɗa kan aljihun rigarsa: an huda shi an sa ɗan zoben tagulla, irin na bakin tampol ko na ramin igiyar takalmi. An zura igiyar roba a ciki, an ɗaure wuƙa.

Muka ce, “Babban yaya, wannan kuma ado ne?”

Ya ce, “Ku ƴan rediyo ba kwa rasa tambaya. Wannan ne ya sa nake komawa gida.”

Sai ya ba mu labari. Wata rana a ƙarƙashin ruwa tsohuwar komar masunta ta sarƙe masa ƙafa. Ya zaro wuƙa daga aljihu, ta suɓuce. A ruwan da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, abin da ya faɗi ya tafi ke nan. Abokin nutsonsa ne ya lalubo shi ya yanke zaren. Washegari ya ɗauki rigar sai wurin baduku.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, mun taso muna jin sunan Jacques Cousteau. Shi da injiniya Émile Gagnan ne suka haɗa, a 1943, na'urar da ke ba mai nutso iska daidai da matsin ruwan da yake ciki. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na bakin gaɓa, don haka iskar tukunya takan ƙare da sauri ninki biyu. Kun ga wanda koma ta riƙe, kowane numfashi yana rage masa lokaci.

Zoben yana aiki biyu. Na farko, wurin ɗaure wuƙa, tocila ko gilashin ido na ko-ta-kwana. Na biyu, idan aka sa shi a gindin aljihu, ruwa yakan tsiyaye sa'ad da mutum zai hau kwale-kwale. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, ga gajiya, ga nauyin tukunya.

Sa shi kuwa sai da sani. Rigar nan tana da jakar iska a ciki, ita ke taimaka wa mai nutso ya taso ko ya tsaya a tsakiyar ruwa. In aka huda ta, an kashe rigar, wataƙila har da mai ita. Shi ya sa ya tsaya a kan badukun, ya nuna masa inda yadi ne zalla. Suka zafafa ƙusa suka huda, don zafin ya narkar da bakin nailan kada ya warware. Suka haɗa ɓari biyu na zoben, suka buga da guduma. Tagulla suka zaɓa, domin baƙin ƙarfe tsatsa zai yi. Igiyar ma gajera ce, in ta yi tsawo ita ma tarko ce.

Da yamma aka samu yaron. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Muna kallo mai nutson ya wanke rigarsa, ya ja igiyar nan sau biyu ya gwada, sannan ya naɗe.

Jama'a, muna da gulbin Maraɗi, da tafkin Madarunfa, da na Tabalak, da kududdufan da ke cika kowace damana. Masu shiga su ciro mana ƴaƴanmu ba su da yawa, wasu ma numfashinsu kaɗai gare su. Masunta, don Allah kada a bar tsohuwar koma a ruwa. Mai shiga, kada ya shiga shi kaɗai, kuma ya ɗaure wuƙarsa. Iyaye, a sa ido kan yara.

Wa ke shiga ruwa a garinku in abu ya faru? Ku faɗa mana, mu gaishe su a shirinmu. Allah ya kiyaye mu.